HALLEY: INDA NAMIJI KE YIN KWANCI

Can ƙarshen duniya ta kudu, a nahiyar Antatika, akwai wata gaɓa a bakin tekun Wedel da ake kira Halley, inda Turawan Ingila suka kafa tashar bincike tun 1956. Babu itace a wurin, babu ciyawa, sai ƙanƙara fara fat iyakar ganin ido. In hunturu ya kama, watau daga Mayu zuwa Agusta, rana takan yi kwana 100 ba ta fito ba, sanyi kuwa har ya kai awu 40 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

To, a cikin wannan hali ne wani tsuntsu da ake kira sarkin fengwin yake hayayyafa. Tsayinsa ya ɗara mita ɗaya, ba ya tashi sama, amma yakan nutse fiye da mita 500 cikin teku garin neman kifi. Gashinsa a cunkushe yake, ga kuma kitse jibge ƙarƙashin fata.

Mace ƙwai ɗaya tak take yi, ta miƙa wa namiji, ta kama hanyar teku neman abinci. Shi kuwa sai ya ɗora ƙwan bisa ƙafafunsa, ya lulluɓe shi da fatar cikinsa har wajen kwana 65. Kafin ta komo, ya yi kusan wata huɗu bai sa kome a baki ba. Idan iska ta taso, sai mazan su cure wuri guda, dubbai, suna matsawa sannu a hankali, na gefe ya kutsa tsakiya, wanda ya ji ɗumi ya fito. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai mai karatu ya lura, dandalin da suke tsaye a kai ruwan teku ne da ya daskare. Tilas ne ya dawwama daga Afrilu zuwa Disamba, lokacin da 'yan tsaki ke yin gashin da ruwa ba ya ratsawa. A 2016 ƙanƙarar Halley ta farfashe tun lokaci bai yi ba, kusan dukan 'yan tsakin suka hallaka. Haka aka sake yi a 2017 da 2018. Wurin da a da yakan tara ma'aurata 14,000 zuwa 25,000 ya watse, da yawa suka ƙaura zuwa Dawson-Lambton, kilomita 55 kudu. A 2022 kuma, a tekun Belinshausen, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna mazauni huɗu cikin biyar sun rasa 'ya'yansu saboda ƙarancin ƙanƙara.

Masana sun yi gargaɗi cewa muddin duniya ta ci gaba da ɗumama, yawancin mazaunin tsuntsun nan za su shuɗe kafin shekara ta 2100. Ya daɗe da sanin maganin sanyi, amma ba shi da dabarar da zai yi in dandalin ya narke ƙarƙashin ƙafafunsa.