Aika Gyara Ta Baƙin Allo, Daga Batsari Zuwa Safana

Asabar, Batsari

Ɗan yayata da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya zo daga Safana da hantsi, da laftof ɗinsa a jakar goyo. Bayan mun gaisa ya buɗe min wata manhaja ta kyauta da malamai ke shigar da sunayen ɗalibai da makinsu. Idan aka ce ta jera sunaye bisa haruffa, sai ta jefa Ɗahiru da Ɗayyabu can ƙasa, bayan Zainab da Zubairu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwamfuta lamba take gani a bayan kowane harafi. A tsarin Unicode babbar Z tana kan 90, Ɓ tana kan 385, Ɗ 394, Ƙ kuwa 408. Duk manhajar da ta bi lambar kawai, dole haruffanmu masu lanƙwasa su koma ƙarshen layi.

Ya gyara abin a kwamfutarsa tun kafin hutu, amma bai aika wa masu manhajar ba. Na tambaye shi dalili.

"Kawu, shafin GitHub ba ya buɗewa a gida. Sai ya yi ta juyi har data ta ƙare."

Na ce masa ya kwana biyu a nan, za mu aika ba tare da mun buɗe shafin ba.

Lahadi, Batsari

Yau bayani ya fi aiki yawa. Yara da dama suna ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne, kuma daga nan wahalarsu take farawa. Git manhaja ce da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don masu aikin Linux, waɗanda ke warwatse a ƙasashe daban-daban. An gina ta yadda kowa zai riƙe tarihin aikin a kwamfutarsa, ya yi reshe, ya yi gyara, ya ajiye, ba tare da ya taɓa intanet ba. GitHub kamfani ne da ya zo a 2008 ya ba mutane wurin ajiye rumbunan aikinsu, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Abin da muke son yi, wato buƙatar haɗe gyara, shi ne ka ce wa mai rumbu: ga reshena, duba abin da na canza, in ya yi maka ka haɗa da naka. Na ce masa ya tuna makarantar allo. Kai ne ka rubuta allonka, amma sai ka kai gaban malam ya duba, ya nuna maka inda wasali ya faɗi, kafin a ce rubutun ya zauna.

A 2020 GitHub ta fito da ƙaramar manhajar layin umarni mai suna gh, wadda ke yin wannan aiki daga baƙin allo. Sauke ta ne kaɗai ya ci mana data sosai, shi ma mun bari sai bayan sallar isha, lokacin da sabis ya ɗan sake. Daga nan ya rubuta gh auth login. Ta ba shi wata lamba mai haruffa takwas, ya shigar a wayarsa, ta gane shi. Tun watan Agustan 2021 GitHub ta daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki ta Git, saboda haka wannan mataki ba ya tsallakuwa. Na kuma sa ya koma amfani da manhajar tantancewa mai fitar da lambobi a waya, maimakon jiran saƙon tes. Ita ba ruwanta da sabis, agogon wayar kawai take bi. A garin da saƙo kan kwana a hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Litinin, Batsari

Ba wuta tun jiya. Mun kai laftof shagon masu caji da sola, muka karɓo da azahar.

Umarni ɗaya ya buƙaci intanet: gh repo fork, wanda ya yi masa kwafin rumbun a ƙarƙashin sunansa. Da ya gama na ce ya kashe data gaba ɗaya. Ya dube ni. Na ce kashe. Ya buɗe sabon reshe da git switch -c, ya kwaso gyaransa ya zuba, ya duba da git diff layi bayan layi, jajayen da ya cire da korayen da ya ƙara, sannan ya ajiye da git commit. Duk wannan wayarsa na kife a kan tabarma.

Ina kallonsa sai shekarar 2021 ta faɗo min. A watan Satumba na shekarar, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Batsari da Safana na ciki, tare da Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Dutsin-Ma da sauransu. Sai a watan Disamba aka fara buɗewa. Mun ga mutane suna biyan kuɗin mota zuwa birnin Katsina don kiran waya ɗaya ko tura kuɗi. Duk wanda aikinsa ke rataye da shafin intanet, a watannin nan hannunsa ya ɗaure. Mai aiki da Git kuwa yana iya ci gaba da rubutu a ɗakinsa, ya tara ajiya a kan ajiya, ranar da ya shiga birni ya tura su gaba ɗaya. In ma shi ba zai je ba, akwai git bundle, wanda ke dunƙule reshe ya zama fayil ɗaya, a sa a filashi a ba mai tafiya. Masu aikin Linux har yau ta imel suke aika yawancin gyare-gyarensu. Kayan aikin da aka ƙera tun lokacin da intanet ke da tsada ko'ina a duniya, su ne suka dace da mu da muke zaune a bakin dajin Rugu.

Talata, Safana

Mun taso da safe, don a wannan yanki ba mai son yamma ta same shi a hanya. Yaya ta tarbe mu da fura. Ba mu taɓa kwamfuta ba.

Laraba, Safana

Bayanin da zai raka gyaran ya rubuta shi a layi ɗaya: na gyara jerin sunaye. Na ƙi.

"Kawu, ai gyaran na nan, za su gani."

Na ce wanda zai karanta bai taɓa ganin Ɗ ba a rayuwarsa, bai san harafi ne mai zaman kansa ba, zai iya ɗauka D ce da aka yi wa ado. Kuma mutum ne mai aikin sa kai, yana duba irin waɗannan buƙatu bayan ya tashi daga aikin da yake ci da shi. In ka bar shi ya yi ta lalube, zai tsallake ka ya duba na wani, kuma ba laifinsa ba ne.

A nan layin umarni ya yi mana wata rana da ban faɗa masa tun farko ba. A shafin intanet mutum kan rubuta bayani a gaggauce, yana tsoron kada sabis ya yanke rubutun ya tafi. Mu kuwa fayil muka buɗe, ba data, ba gaggawa. Da Turanci ya rubuta, tunda mai rumbun ba ya jin Hausa. Ya fara da abin da ke faruwa, ya kawo sunaye biyar yadda manhajar ke jera su da yadda ya kamata su jeru. Ya bayyana cewa a Hausa ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k. Ya faɗi abin da ya canza da abin da bai taɓa ba, da yadda mutum zai gwada da kansa. Na sa ya cire ban-haƙurin da ya cika farkon da shi, na cewa shi ɗalibi ne kuma Turancinsa ba shi da kyau. Gaisuwa guda da godiya guda sun wadatar.

Bayan la'asar ya ɗora wayar a kan tagar ɗakin soro, inda sabis ya fi kamawa, ya tokare ta da kwalin ashana don kada ta zame. Ya tura reshen da git push. Sannan ya rubuta gh pr create, ya ba shi take, ya nuna masa fayil ɗin bayanin da --body-file. Allon ya yi shiru na ɗan lokaci, sai layi ɗaya ya fito, adireshin buƙatar da lambarta. Ya karanta shi a fili, ya sake karantawa, ya tashi ya je ya gaya wa mahaifiyarsa.

Alhamis, Safana

Da safe gh pr checks ya nuna gwajin da rumbun ke yi da kansa ya wuce lafiya. Da rana gh pr view --comments ya kawo amsar mai rumbun, rubutu zalla, ba hoto ba ado. Ya yi godiya, sannan ya nemi abu biyu: a ƙara gwaji mai ɗauke da sunayen nan, kuma a cire teburin haruffan da yaron ya tsara da hannu, a yi amfani da Intl.Collator na JavaScript, a ba shi alamar harshe ta ha.

Ran yaron ya ɓaci, domin teburin nan shi ne abin da ya fi wahala a kai. Ni kuwa ina ganin mutumin ya yi gaskiya. Ƙungiyar Unicode tana da ma'ajiyar bayanan harsuna da ake kira CLDR, kuma tsarin jera haruffan Hausa na ciki, har da sh da ts da ƴ, waɗanda teburinsa bai kula da su ba. Abin da wasu suka riga suka tsara kuma ake kula da shi ya fi abin da mutum ɗaya zai riƙe. Na ce masa ya lura da kyau: ba a ƙi gyaransa ba, an nuna masa hanya mafi gajarta ne. Kuma ba don bayaninsa na jiya ba, mai rumbun ba zai san ma akwai matsalar ba.

Ya yi shiru har magariba. Bayan isha na ji ƙarar madannai.

Juma'a, Safana

Kafin ya gama, wani ya taɓa fayil ɗin a babban rumbu, reshensa ya ci karo da sabon aikin. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna. Ya jawo sabon da git fetch, ya ɗora nasa a kai da git rebase, ya warware layukan da suka saɓa, ya tura da --force-with-lease, wanda ke ƙin turawa idan wani ya taɓa reshen ba da saninka ba. Ba sai an buɗe sabuwar buƙata ba, tsohuwar ce ta ɗauki gyaran da kanta.

Wani abokinsa da ya zo kallo ya ce shi ba shi da laftof. Na nuna masa Termux a wayar Android, inda git da gh duk suke aiki. Rubutu a ƙaramin allo akwai wuya, amma ana yi. Na kuma gaya musu gh na GitHub ne kaɗai. Masu amfani da GitLab suna da glab, sunayen umarnin sun ɗan bambanta, tsarin kuwa kusan ɗaya ne.

Lahadi, Katsina

Na iso nan jiya. Yau da safe ya kira ni, ya ce gh pr status ya nuna an haɗe.

Ina da magana ga 'yan'uwana malaman kwamfuta a Katsina da Dutsin-Ma da sauran garuruwanmu. Da yawanmu muna fara koya wa ɗalibai GitHub ta shafin intanet, a ɗakin karatu mai wuta da sabis, mu bar layin umarni sai ƙarshen zango in lokaci ya rage. Ɗaliban nan hutu na zuwa za su koma Runka da Zakka da Wagini da Ruma. Don Allah a fara musu da baƙin allo tun makon farko, kuma kada a sallami kowa sai ya aika buƙatar haɗe gyara guda da hannunsa, da cikakken bayaninta.