Faɗuwar Gaba Asarar Namiji: Darasi Daga Teburin Sunuka

A cikin wasannin da samari ke yi a ƙasar nan, da wuya a sami wanda ke tona asirin zuciyar mutum kamar sunuka. Ɗan dambe yana da abokin karawar da zai kai wa naushi ya huce, ɗan ƙwallon ƙafa kuwa yana da mutum goma da za su rufa masa asiri in ya yi kuskure. Amma mai sunuka shi kaɗai ne da sandarsa. Ba mai ture shi, ba mai tare masa hanya, ƙwallon ma a tsaye take tana jiransa. To, in ya ɓarar, wa zai ɗora wa laifi?

Duk wanda ya bi Titin Bauchi a garin Jos da yamma, tsakanin tashar mota da wajejen Jami'ar Jos, zai iya cin karo da tebura a rumfuna, samari sun kewaye su, ɗalibai da 'yan kamasho da yaran shago. Ko da yake kowa sunuka yake ce musu, yawancinsu ƙananan tebura ne na wani wasa ɗan'uwanta. Sunuka ta ainihi, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙago a ƙasar Indiya wajen 1875, teburinta ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, da ƙwallaye 22: ja guda 15, masu launi 6, da fara ɗaya. Amma fa duka biyun a kan baƙa ake rufe su, kuma a nan ne ake sanin maci tuwo.

Akwai wani saurayi a wannan titi wanda in yana wasa shi kaɗai da hantsi ba ya kuskure. Amma da zarar an ce gasa ce, an tara kuɗin shiga, 'yan kallo sun yi tsit, sai tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, alhali kuwa sanyin Jos yana kaɗawa. Da ya sunkuya kan baƙa sai zuciyarsa ta fara yi masa magana: in ka ɓarar za a yi maka dariya, jiya ma haka ka yi, kuɗin nan na cefane ne. Kafin ya ankara hannu ya ƙage, ya ɗaga kai tun bai gama bugu ba, baƙa ta daki bakin rami ta dawo.

Wani dattijo mai kula da teburin ya taɓa ce masa, "Ɗana, ba yaron can ne ya cinye ka ba. Kai ka tafi wajen dariyar da ba a riga an yi ba, ka bar hannunka shi kaɗai a tebur."

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo na 'yan koyo ne kaɗai. A 1985, a wasan ƙarshe na gasar duniya a birnin Sheffield, Steve Davis, wanda ya riga ya ci kambin sau uku, ya cinye turmi takwas na farko a jere a kan Dennis Taylor. Taylor ya yi ta lallaɓowa har suka yi 17 da 17, magana ta koma kan baƙa ta ƙarshe, bayan sha biyun dare, mutum miliyan 18 da rabi suna kallo ta talabijin. Davis ya sami bugun da ya sha cin irinsa, ya ɓarar, Taylor ya jefa ta. Haka kuma Jimmy White ya kai wasan ƙarshe har sau shida bai ci ko ɗaya ba. A 1994, a turmin raba gardama da Stephen Hendry, baƙa ce mai sauƙi ta kuɓuce masa, Hendry ya tashi ya share teburin.

Shi kuwa Ronnie O'Sullivan, wanda ya ci maki 147 cikin minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi a 1997, ba gwaninta ya rasa ba, zuciyarsa ce ta daɗe tana wahalshe shi. A 2011 ya fara ganin wani likitan ƙwaƙwalwa, Steve Peters, wanda ke kwatanta ɓangaren tsoro da fushi na ɗan Adam da biri: ba a iya kashe shi, ba a cin sa da kokawa, sai dai a san halinsa a lallashe shi. O'Sullivan ya ci gasar duniya a 2012 da 2013, ya ƙara a 2020 da 2022.

Abin lura a nan shi ne, waswasi ba ya tafiya don an kore shi. Wanda ya ce wa kansa "kada in ɓarar", ai ɓararwar ya ajiye a gaban idonsa. Maganin shi ne a ba zuciya wani aikin yi. Gwanaye suna yanke shawara tun suna tsaye: wace ƙwallo, wane rami, ina fara za ta tsaya. Sa'an nan su goga alli, su ja numfashi, su sunkuya, su buga, kai yana ƙasa har ƙwallo ta gama tafiya. In shakka ta zo bayan an sunkuya, sai a miƙe a sake daga farko, ba abin kunya ba ne. Kuma wannan tsari da hantsi ake koyonsa, ran da ba kowa, har ya zama jiki, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma zaman jira, lokacin da abokin karawa ke kan tebur. A nan ne akan zauna ana tuna kuskuren da ya wuce. Mai hankali yakan sha ruwa, ya dubi yadda ƙwallaye ke kwance, ya shirya wa damar da za ta zo, domin wadda ta wuce ba ta da sauran maki.

Akwai kuma nauyin da mutum ke ɗora wa kansa. Wanda ya zuba kuɗin cefane a gefen tebur ya mai da wasa caca, ya ɗora abincin gidansu a kan tsinin sanda, ba kuwa hannun da zai ɗauki wannan bai yi rawa ba.

Davis bai mutu don baƙa ɗaya ba. Ya sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 1986, sa'an nan ya ci kambin a 1987 da 1988 da 1989. Lalle wanda ya yarda cewa zai iya ɓararwa kuma gari ya waye, shi ne hannunsa ke sakewa. Samarin Titin Bauchi za su tarar da irin wannan baƙa a ɗakin jarrabawa da wurin neman aiki, inda ba alli ba sanda. Allah ya ba su natsuwa, amin.