Daga Maƙera Zuwa Gidan Bayan Gari: Yini Guda A Karkarar Dambatta

Gardama ce ta kai mu Dambatta. A taron ƙungiyar tarihi ta makarantarmu, ɗaya daga cikinmu ya kawo labarin wani wasan kwamfuta da yayansa ke bugawa. A duniyar wasan, ana haifar wasu mutane da sihiri a jininsu, ba su koya ba, ba su saya ba. A wata ƙasa sarauta ake ba su, a wata kuma farautarsu ake yi kamar namun daji. Yawancinmu muka ce ai wannan ƙirƙirar Turawa ce kawai. Malaminmu ya yi murmushi, ya ce kowa ya nemo izinin gida da kuɗin mota, ranar Asabar zai kai mu ƙauyensu.

Mun bar Kano da sassafe, muka wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, muka kama hanyar Daura. Lokacin kaka ne. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne babu daji. Gona na bin gona, kuma kafin ka daina jin dakan matan wannan ƙauye ka fara jin na gaba. An girbe gero an jingine dammuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jira, wake na yaɗo a ƙarƙashinta. Itatuwan da ke tsaye a gonakin duk barinsu aka yi da gangan: ɗorawa don kalwa, kuka don miya, tsamiya don kunu, sai gawo, wanda ya yi damina ba ganye, yanzu yake fara tofo. A irin wannan wuri kowa ya san kakan kowa. Abin yana da daɗi, amma kafin yamma mun ga yana da ciwo.

Daga garin Dambatta muka sauka daga kwalta, muka bi burtali zuwa ƙauyen. Ƙarar masaba ce ta fara tarbar mu. Wani dattijo na zaune gaban uwar maƙera yana gyaran magirbi, jikansa na jan zuga-zugi. Muka durƙusa muka gaida shi.

"Baba, da gaske ne wuta ba ta cin maƙeri?" in ji mai bakin cikinmu.

"Samari, wuta ba ta da ɗan'uwa," in ji shi. "Amma mu mun gada, ta san mu."

Ya sa yatsu ya ɗauki garwashi da ya faɗo, ya mayar da shi cikin wuta ba tare da ya daina magana ba. Muka ja da baya. Da ya miƙo tafin hannunsa muka taɓa, sai muka ji shi kamar ƙirgi. Wata a cikinmu, mai son kimiyya, ta raɗa mana cewa shekara da shekaru na riƙon ƙarfe ne suka kaurara fatar, kuma bai bar garwashin ya daɗe a hannu ba. Wataƙila ta yi gaskiya. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne yadda gari ke kallonsa. Duk wanda ya ƙone, gidansa ake fara kai shi ya yi tofi. Yana da sarauta, kuma ba mai ƙin ba ɗansa aure.

Wannan girma tsoho ne. Labarin baka na cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya zo daga Gaya neman tama a Dala, kuma har yau ana danganta Abagayawa da shi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Barbushe ya gaji sirrin kakansa Dala, yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, yana shiga wurin Tsumburbura ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru. Mutanensa ba su kore shi ba, shugaba suka mai da shi.

To amma, in ji malam, a haura arewa zuwa ƙasar Agadas. Maƙeran Buzaye, waɗanda suke kira inadan, su ke ƙera takobi da kayan azurfa, ba a biki sai da su. Duk da haka, a al'ada manyan Buzaye ba sa auratayya da su, kuma ana tsoron wani ƙarfi da ake cewa suna da shi, tezma, wanda ke iya taɓa yaro ko dabbar wanda ya hana su abin da suka roƙa. Sana'a ɗaya, wuta ɗaya, amma can ana cin moriyarsu ana kaffa-kaffa da su.

A gidan su malam muka ci dambu. Can muka tarar da wasu tagwaye 'yan shekara shida, riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya. Mahaifiyar malam ta ce ba a saya wa ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba ka kwana da kunama a shimfiɗa. Ta faɗa tana dariya, amma ba mu ga alamar za ta gwada ba. Yarbawa sun fi mu ma: suna kiran tagwaye ibeji, suna ɗaukarsu albarka, har garin Igbo-Ora a Jihar Oyo na alfahari da yawansu. A yankin Kalaba kuwa, a da, haihuwar tagwaye masifa ce, ana jefar da jariran a kori uwar. Da wannan al'ada Mary Slessor, wadda ta iso can daga Sukotland a 1876, ta yi ta fama. Yaran nan biyu da ke wasa da murfin kwalba a gabanmu, da a wani wuri da wani zamani aka haife su, da ba su kwana ba.

Har nan abin nishaɗi ne. Sai wani ya tambayi tsohuwar ko akwai mayu a garin. Dariyar ta tsaya.

Duk mun san abin da ake faɗa kan maita, ko da a birni muka tashi. Wai ƙanƙara ce a ciki, wai a nono ake sha, wai wanda ya gada ta wajen uba gani kawai yake yi ba ya ci. Wai maye na kama kurwar mutum ya ɓoye, mai ita ya yi ta ciwo. Tun muna ƙanana muka iya cewa "kurwata kur". Abin lura shi ne, ita ma maita gado ake ce mata, kamar wutar maƙeri. Bambancin shi ne maƙeri da bakinsa yake faɗar nasa gadon, ita kuwa maita wasu ne ke liƙa wa mutum.

Malam ya ce mu taso. Ya kai mu wani gida a ƙarshen gari, dangarsa ta karkace. Mai gidan tsohuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna ci-rani. A hanya ya ba mu labarinta. Wata damina, ɗan maƙwabta ya kamu da zazzaɓi mai zafi, yana fizge-fizge yana sambatu, ya ambaci sunanta. Ba abin mamaki ba ne, don kullum a gidanta yake wasa. Kafin magariba an cika ƙofar gidanta, aka ja ta aka tilasta mata ta tsallaka yaron. Da asuba wani kawunsa ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, aka yi masa allurai ya tashi. Gari ya ce tsallakar ce ta yi aiki.

Irin wannan zazzaɓi ya fi yawa daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, lokacin da sauro ya yi yawa, kuma yana sa yaro suma da fizga da surutai. Ba mu kaɗai ba ne muka taɓa ɗaukar maganar mai fizga a matsayin shaida. A garin Salem na Amurka, a 1692, wasu 'yan mata sun yi ta fizge-fizge suna kiran sunaye, aka rataye mutum 19 kafin hankali ya dawo. A nan Arewa, kundin dokar laifuka da ya fara aiki a 1960 ya sa zargin mutum da maita cikin laifukan da ake hukuntawa. Malam ya ce limamin garin ma ya yi huɗuba a kan ƙazafi. Amma ba doka ce ke sayen daddawa ba. Tun daga ranar aka daina sayen tata, kuma mutanen da suka kawo kuɗin gaisuwar jikarta suka aiko a mayar musu. Yarinyar sa'armu ce.

"Iya, mun zo gaisuwa," in ji malam daga zaure.

"Maraba, maraba. Duk waɗannan angwaye nawa ne? Su kuma kishiyoyin nan me suka zo nema?"

Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwan randa a kwanon sha. A nan ne za mu faɗi gaskiya a kanmu. Mu da muka yi ta cika baki a mota cewa camfi ne, ba wanda ya miƙa hannu. Kwanon ya tsaya a tsakiyar tabarma, kowa na kallon ƙasa. Ta gani. Ba ta ce komai ba, ta juya tana gyara murfin tukunya. Malam ya ɗauka ya sha sosai, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ya zagaya, wasu suka sha, wasu suka taɓa da leɓe.

Jikar ba ta fito ba. Mun dai hango littafin lissafi irin namu a kan turmi, an danne shi da dutse kada iska ta ɗauke.

Da za mu tafi muka haɗa kuɗi muka sayi daddawar da ke faifanta gaba ɗaya. Ta ƙirga, ta ce mun biya fiye da kima, ta mayar mana da canji, ta ƙara mana gyara.

A mota, wajen Dawanau, warin daddawa ya cika ko'ina. Wanda ya kawo labarin wasan kwamfutar ne ya tambaya, in an ce a gida ina muka samo ta, me za mu ce. Aka daɗe ba wanda ya amsa. Sai mai son kimiyyar nan ta ce ita dai sai an gama cin tuwo za ta faɗa.