Araha Ba Ta Ado

'Yan'uwa ɗalibai, wani abu ne ya same ni a Ingila wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ga gara in faɗa, ko wani ya tsira daga irinsa.

A dogon hutun 2023 yayana ya aiko mini da kuɗin jirgi, na kai masa ziyara a Landan. Ma'aikacin jinya ne a wani asibiti, yawanci aikin dare yake yi, gidansa kuma yana can gefen gari. Wahalar jiran bas a cikin sanyi ta ishe shi, don haka ya tara fam 2,300 zai sayi tsohuwar mota. Ni kuwa kusa da gareji na tashi a Kano, kullum ina gindin makanikai, saboda haka na ɗauki kaina gwani. Na ce masa, "Yaya, ka bar mini wannan. Mota ko a duhu na ji kukanta na san lafiyarta."

Muka ga tallar wata mota mai shan dizal, ƙirar 2011, kuɗinta ƙasa da na sauran tsararrakinta nesa ba kusa ba. Muka je gidan mai ita, wani dattijo mai fara'a. Na buɗe bonet, na zaro ma'aunin baƙin mai na murza a yatsa, na kasa kunne ga inji, na leƙa salansa, na taka birki. Ba abin kushewa. Yaya ya duba takardu: akwai ta mallaka, akwai kuma shaidar gwajin MOT, wanda doka ta wajabta kowace shekara a kan motar da ta cika shekara 3. Na taya, dattijo ya rage fam 200 ba ko gardama. A Kano, in mai kaya ya sallama da sauri haka, ai sai ka sake dubawa. Amma ni daɗin a ce na iya ciniki ya rufe mini ido. Yaya ya ce, "Auta, ka tabbata?" Na ce, "Biya kawai."

Inshora ce ta fara ba mu tsoro, don sun tsawwala wa wanda bai daɗe da tuƙi a ƙasar ba. Muka daure. Ba a yi sati biyu ba sai wani abokin aikinsa ya ga motar, ya tambaye shi ko ya duba lambarta a shafin hukumar sufuri ta Landan. Da aka duba, sai ga magana ta fito.

Ashe tun 2019 aka kafa wata doka a tsakiyar birnin don rage hayaƙin motoci, ana kiranta ULEZ. Ba don wasa aka yi ta ba: a 2020 bincike ya tabbatar gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 a 2013. To, an riga an sanar cewa daga 29 ga Agusta, 2023, dokar za ta game dukkan unguwannin Landan. Yawancin motocin dizal da aka ƙera kafin 2015 ba su cika sharaɗinta ba, kuma duk ranar da ka fito da irinsu sai ka biya fam 12 da rabi. Ranar kuwa daga sha biyun dare take farawa. Watau mai aikin dare, in ya fita da yamma ya dawo da safe, kuɗin kwana biyu ya hau kansa. Abin da ya sa masu irin motar nan suke ta neman kai da su ke nan, kowa a garin ya sani, sai mu.

Na ce ko mu aika da ita gida? Yaya ya yi dariyar takaici, ya ce, "Sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama." Daga ƙarshe wani mazaunin ƙauye ya saye ta fam 1,200. Kuɗin da Yaya ya yi niyyar aika wa mahaifiyarmu don gyaran rufin ɗaki, da su ya cike gibin wata motar. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan kuwa ya fi zafi.

Dattijon nan bai yi mana ƙarya ba, motar lafiyarta ƙalau. Abin da ban lura ba shi ne, a gida ba ni kaɗai nake sayen mota ba. Akwai dillali, akwai makaniken unguwa, akwai maƙwabci da zai ja ka gefe ya ce, "Kai, a'a." A baƙon wuri duk babu su, sai wanda ka nema da bakinka. Na san inji, amma ban san gari ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya, alhali minti ɗaya ya isa a duba lambar.

Gobe wasunmu za su fita karatu ko aiki a ƙasashen waje. In ka ga kaya ya yi araha, kafin ka sa hannu a aljihu nemi ɗan gari ka tambaye shi dalili. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.