Baƙon da Ya Nemi Mabuɗin Gida

Akwai baƙon da za a ba shi ruwa a zaure, kafin a ankara ya san ɗakin kowa a gidan. Haka waɗansu manhajoji suke, waɗanda sukan nemi izinin shiga shafin mutum na Facebook ko wani dandalin sada zumunta.

A shekara ta 2014 wani malamin Jami'ar Kambirij a Ingila, Aleksandr Kogan, ya fito da wata manhaja mai yi wa mutum tambayoyi don auna halinsa. Mutane wajen 270,000 suka ba ta izini. A lokacin kuwa, ƙa'idar Facebook ta yarda manhaja ta kwashi bayanan abokan wanda ya ba da izinin, ko da su ba a tambaye su ba. Ta haka aka tara bayanan ɗimbin jama'a, yawancinsu a Amurka, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai yi wa 'yan siyasa aikin neman ƙuri'a. Asiri ya tonu a watan Maris na 2018, sa'ad da Christopher Wylie, tsohon ma'aikacin kamfanin, ya ba 'yan jarida labari. Facebook da kansa ya ce mutanen da abin ya shafa za su iya kai miliyan 87. A 2019 hukumar ciniki ta Amurka ta ci shi tarar dala biliyan 5.

Abin lura shi ne, yawancin waɗanda aka kwashe wa bayanai ba su taɓa ganin manhajar ba. Wani abokinsu ne ya buɗe ƙofa. Facebook ya rufe wannan hanya a 2015, amma manhajoji da yawa har yanzu suna neman lambobin da ke cikin waya, da hotuna, da inda mutum yake. Lambar uwarsa, da hoton ɗan maƙwabcinsa, ba nasa ba ne shi kaɗai. Amana ce aka ba shi.

Saboda haka kafin mutum ya danna "na yarda", ya kamata ya tambayi kansa: me ya haɗa wasan waya da lambobin danginsa? Ya kuma riƙa duba jerin manhajojin da ya ba izini, ya cire waɗanda ba ya amfani da su. Ba a ba kura ajiyar nama, balle naman da wani ya ba shi ajiya.