Rumfunan Gyara a Houston

Kowane watan Afrilu, ɗaliban sakandare daga ƙasashe daban-daban sukan cika zauren George R. Brown da ke Houston a jihar Texas, domin gasar ƙarshe ta ƙera mutum-mutumi ta FIRST, ƙungiyar da Dean Kamen ya kafa a 1989. Mutum-mutumin da suke ƙerawa inji ne mai tayoyi da hannayen ƙarfe, nauyinsa ya kai na matashi. Wasa ɗaya bai cika minti uku ba, ƙungiya uku masu ja suna karawa da uku masu shuɗi, ana ta karo ana ihu.

Ni dai abin da ya ɗauke mini hankali yana bayan fili. Kowace ƙungiya an yanka mata wuri ƙafa goma tsawo, ƙafa goma faɗi, a jere kamar rumfunan kasuwa, kuma ba mai taka wurin sai da tabarau na kare ido. Da an gama wasa sai a turo injin a kan amalanke, yara su rufe shi. Wannan ya zare batir mai bolt 12 ya sa sabon caji, domin ba a shiga wasa biyu da batir ɗaya. Wancan ya kwance bamba ja ya ɗaura shuɗiya. Wani yaro na gani yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan fizgar kowace da yatsa biyu, don waya guda da ta saki ta isa ta tsayar da injin cak a tsakiyar fili. Duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa alama da maka.

Na daɗe tsaye a kan wata yarinya da bel ɗin injinsu ya tsinke. Tana durƙushe, fitila a goshi, hannu duk giris, ga mai kiran layi ya zo ya ce lokaci ya yi. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta miƙa hannu aka sa mata sifana, ta ɗaure, ta juya tayar da tafinta, ta saurara, sannan ta ce a tafi. Malaminsu na gefe, bai sa hannu ba.

Lasifika kuwa ba ta hutawa: ƙungiya mai lamba kaza tana neman giyar inji kaza. Kafin a jima sai ga wani da gudu ya kawo, wataƙila ma daga waɗanda za su kara da su anjima. Marigayi Woodie Flowers, malami a MIT, shi ya dasa musu wannan ɗabi'a, ka taimaki abokin hamayya ya tashi sannan ku gwabza. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Mai karatu, in Allah ya kai ka wannan gasa, kada ka tsaya a kujerun kallo. Nemi tabarau ka shiga rumfunan.