Suya Ba Mai: Tanderun Iska a Ɗakin Girkin Arewacin Zazzau

Jeren ɗakin amarya a ƙasar Zazzau tamkar kundi ne ga mai son sanin abin da kowane zamani ya ɗauka da daraja. An yi lokacin ƙorai da tasoshi, aka zo lokacin kwalla da samira, daga baya tangaran da kuloli suka ture su. A 'yan shekarun nan kuwa gasar ta bar bangon ɗaki ta koma wurin girki, inda ake jera kayan lantarki irin su injin markaɗe da butar dafa ruwa da tukunyar shinkafa. Baƙuwar da ta fi ɗaukar ido a cikinsu ita ce wata na'ura mai siffar tulu da aljihu a gindinta, wadda masu shaguna a Sabon Garin Zariya da na Kano suke kira da sunanta na Turanci, eya-firaya, suna tallarta da cewa tana suya ba tare da mai ba. Ta iso Ikara da Makarfi da Hunƙuyi ta hanyar da sauran kayan jere suka biyo, wato cikin takardar sayayyar da amarya kan rubuta bayan ta sha kallon girke-girke a wayarta. Ko ta cancanci kuɗinta ko ba ta cancanta ba, tambaya ce mai nauyi, domin wanda zai biya sau da yawa manomi ne da zai karyar da raken gonarsa ko ya fitar da masarar da ya tanada, kuma kuɗin na'urar kan yi kafaɗa da na buhun masara, wata ma ta ninka shi.

Tun daga sunan ake fara samun tuntuɓe. Hausa ba ta yi rowar kalmomi ba a kan abin da wuta ke yi wa abinci. Ana soya nama, a toya ƙosai da waina, a gasa masara, a babbake kai da ƙafa, a yi bandar kifi, a turara dambu. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da waɗannan kalmomi a zaune daram, kuma har yau ba a samu uwar gidan da ta rikita su ba. Suya ba mai ma ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe, tunda da yashi ake soya gyaɗa a kasko. Amma ko a nan, akwai kasko mai zafi da abin ke taɓawa, akwai kuma hannu mai juyawa. Ita wannan na'ura ba haka take aiki ba. A samanta akwai murɗaɗɗen ƙarfe da lantarki ke zafafawa, a bayansa kuma fanka ce ke hura zafin da ƙarfi a kan abincin da ke cikin kwando mai ramuka, zafin da kan kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Busasshiyar iskar ita ke tsotse danshin bayan abincin har ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu gurasa a Kano ya san sunan wannan aiki: gashi ne a rufaffen wuri. Ke nan na'urar ƙaramin tanderu ce mai fanka, kuma da masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi za su raɗa mata suna, tanderun iska ya fi tukunyar suya gaskiya. (Ba wannan ne karon farko da kalmar ta sha wahala a bakin baƙi ba, a kudancin Nijeriya tsire ake kira suya, alhali gasa shi ake yi.)

Wannan bambanci ba gardamar malaman harshe ba ce kawai, shi ne ke faɗa wa mai saye abin da zai samu. Kamfanin Philips ne ya fito da na'urar a bainar jama'a a wani bajekolin kayan lantarki a birnin Balin na Jamus a 2010, bisa ƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij. Abincin da aka yi ta dominsa shi ne yankakken dankalin Turawa da yankakkiyar kaza, musamman irin waɗanda ake sayarwa a daskare, an riga an ɗan soya su a masana'anta. Abu ne mai jiki, mai tsayawa da kansa a cikin kwando. To, ina ƙosai a nan? Ƙullun wake ruwa-ruwa ne. Abin da ke mayar da shi ƙosai shi ne faɗawarsa cikin tafasasshen mai, wanda ke kama bayansa nan take, ya ɗaure iskar da aka buga masa a ciki, har ya taso ya kumbura. In aka zuba shi a kwandon tanderun iska, ta ramuka zai tsiyaye. In aka yi dabarar sa shi a ƙananan gwangwanaye, abin da zai fito ya fi kusa da busasshen alale. Haka fanke. Waina kuwa tana da tandarta, ba ta neman taimakon kowa. Wato manyan soye-soyen Bahaushe, na karin kumallo da na buɗa-baki da na biki, kusan duk sun fi ƙarfin na'urar.

Inda take da rana shi ne kaza da kifi da dankali da doya da awara, in an ɗan shafa musu mai. Tana kuma dawo da ran abin da ya kwana fiye da yadda kasko zai yi, ba tare da ya sake shan mai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba.

Sai dai girman kwandon ya ishe shi tsayar da magana a yawancin gidaje. Na gama-gari bai wuce cin lita huɗu zuwa shida ba, kuma ba a cika shi, don in aka cunkusa abinci iska ba za ta zagaya ba, sai a samu sama ya ƙone ƙasa bai nuna ba. A gidan gandu na Gimi ko Likoro ko Paki, inda mai girki ke auna tsaba da kwano ba da kofi ba, soya dankalin buɗa-baki a cikinsa na nufin zubi biyar ko shida, kowanne minti 20, ladan ya kira magariba ana kan na biyu. Ranar layya kuwa ba a ma maganarsa. Suyar naman layya ba don daɗi kaɗai ake yin ta ba, hanyar adanawa ce: ana soya naman a cikin kitsensa har ruwan jikinsa ya ƙone, a zuba a kwalla ya yi makonni, wani har watanni, ba firji. Tanderun iska aikinsa shi ne tsiyaye kitsen ya raba shi da naman, wato akasin abin da ake bukata.

Hujjar da masu talla suka fi riƙewa ita ce tsimin mai, kuma da yadda kwalbar man gyaɗa ta yi tsada, hujja ce mai shiga kunne. Amma lissafin an yi shi ne a kan ɗakin girkin da ake zubar da mai bayan suya. A waɗannan garuruwa ba a zubar da mai. Wanda aka soya nama da shi ya shiga miya, ragowar ya hau kan wake da shinkafa ko ɗanwake tare da yaji, ya fi sabo ƙamshi ma. Man da na'urar za ta hana sha a suya, za a buɗe kwalba a zuba shi a tukunyar miya. Akwai ragi, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Ta fuskar lafiya, gaskiya ne wanda likita ya hana maiƙo zai amfana, gaskiya ne kuma man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ba alheri ba ne ga jiki. Amma babban abin da ke cutar da mai girki a nan ba mai ba ne, hayaƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga girki da itace da gawayi da makamantansu take, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020. Macen da ta gasa kaza a na'ura sau biyu a wata, sannan ta tuƙa tuwo a kan ɗanyen itace kowace rana, ba ta tsira daga komai ba.

Daga nan sai batun wuta, wanda shi ne uwa uba. Abin mamaki, kuɗin wutar ba shi ne matsalar ba. Na'ura mai cin wat 1,500 in ta yi minti 20 tana aiki, rabin yunit ta sha. Ko da farashin rukunin A, wanda hukumar NERC ta ɗaga zuwa naira 225 a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta shi, kuɗin bai wuce naira ɗari da 'yan kai ba, abin da ba zai sayi gawayin gasa kaza ɗaya ba. Matsalar ita ce samuwar wutar a lokacin da ake bukatarta. Rukunin A shi ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, alkawarin yana raguwa har zuwa awa 4 ga rukunin E, kuma ba a ce awannin za su faɗo a lokacin girki ba. Wutar da ta zo ƙarfe biyun dare tana cajin waya, tana sanyaya ruwa, amma ba ta ciyar da yaro kafin ya tafi makaranta. In ta zo ba ƙarfi, nan ma wata sabuwa: zafin irin wannan ƙarfe yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wutar ya faɗi, ta yadda in 220 ta sauko zuwa 160, kusan rabin zafin ne ya tafi, sai fanka ta yi ta kaɗawa naman yana bushewa bai gasu ba. Ƙaramin janaretan da aka fi gani a ƙofar shaguna bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke ta ba. Mai sola kuwa, ko injinsa ya iya ɗauka, batir guda mai lamba 200 abin da ake iya ja daga cikinsa ba tare da an kashe shi ba bai wuce yunit ɗaya da ɗan ɗori ba. Gashi ɗaya ya cinye kusan rabin abin da zai kaɗa fanka a daren bazara. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. A kwanakin nan murhu da kurfoti da tukunyar gas ne suka ciyar da mutane.

An yi irin wannan muhawara a wani gida a Makarfi, lokacin da ake haɗa kayan wata amarya da za a kai Ikara. Gwaggonta, tsohuwar malamar firamare ce da uban ya damƙa wa kuɗin sayayya, ta bi takardar da alƙalami, ta tsaya a kan na'urar.

"Wannan fa, me take dafawa?"

"Gwaggo, ba dafawa take yi ba, suya ce. Ba a sa mai."

"Za ta yi tuwo?"

"A'a, Gwaggo."

"Ƙosai fa?"

Amarya ta yi shiru, sannan ta ce a hankali, "Duk ƙawayena an saya musu. In 'yan ganin ɗaki suka zo ba su gan ta ba, za a ce Baba ya gaza."

Wannan amsa ita ce gaskiyar lamarin, kuma ba ta wauta ba ce. Kayan jere ba don amfani kaɗai ake sayensu ba. Da haka ne, da ba a tara kwallaye hamsin a ɗakin da mutum biyu za su zauna ba. Su ne shaidar cewa yarinya tana da gata, su ne kuma ajiyar da takan sayar ranar da ta ɓaci. A nan ne ma tanderun iska ya kasa magabatansa. Kwalla da tasa ba sa mutuwa don an ajiye su, dillaliya za ta karɓe su bayan shekara goma. Kayan lantarki kuwa daga ranar da aka buɗe kwalinsa ya fara faɗuwa, mai saye na biyu kuma zai ce a gwada masa, a ranar da wataƙila babu wutar gwadawa. Gwaggon ba ta soke na'urar don ta ƙi zamani ba. Ta mayar da kuɗin ne kan tukunyar gas mai kilo 12.5 da murhunta mai kai biyu, ta ce in ango ya ga layinsu na samun wuta, ya saya wa matarsa da kansa. Amarya ta yi kwana biyu tana kumburi. Uwar ma ba ta ji daɗi ba, don ita ce za ta haɗu da mata a gidan suna.

Akwai waɗanda sayen ya dace da su, kuma ba su da wuyar ganewa: ma'aikaciyar jinya da ke zaune ita da ɗanta a kusa da asibiti, malamin kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi da iyalinsa ke Zariya, ma'aurata biyu da ke kan layi mai wuta, ko dattijon da aka hana maiƙo ake ware masa nasa abincin. Duk suna girka kaɗan ne, kuma abin da suke so a gasa ne. Ko su ma sai sun duba lambar wat da ke rubuce a gindin na'urar kafin su biya, su tabbata soket ɗin ɗakin zai ɗauke ta, don ƙaramar wayar jone irin ta cajin waya narkewa take yi. Kwandon kuma an shafe cikinsa da wani baƙin rufi mai hana kamu, wanda soson ƙarfe da toka suke kankarewa a wanki biyu ko uku. A gidan da yara ne ke wanke-wanke, wannan sai an yi ta faɗa, domin in kwandon ya lalace ba kasafai ake samun nasa shi kaɗai a kasuwa ba.